Ƙarfin gado da ƙarfin aro: yadda ɗan wasa da mai horar da shi za su bambance su

A filin kokowa na Langa-Langa ba a ɗora kowa a kan sikeli. Ƙato mai kilo 120 yana iya haɗuwa da siriri mai kilo 80, makaɗa su ɗauki kiɗa, a kama, kuma ba wanda zai ce an yi zalunci. Idan ƙaton ya yi kaye, sai a ce Allah ne ya ba shi. Amma a ji ƙishin-ƙishin cewa siririn ya afa tramol biyu kafin ya shigo fili, nan take zance zai canja, ko da kuwa ƙwayar ba ta cike masa rabin ratar da ƙaton ya zo da ita daga cikin uwarsa ba. Duk gardamar da manyan hukumomin wasanni ke yi a kan baiwa da ƙarin kuzari ba ta wuce wannan ba, sai dai su sun rubuta ta a takarda, sun sa mata ma'auni da hukunci.

Wannan bayani na ɗan kokowa ne, da mai gudu, da ɗan ƙwallo, da ɗan tekwando, da wanda ke horar da su a Damagaram, musamman masu burin wuce gasar jiha zuwa ta ƙasa ko ta waje, inda wata rana za a miƙa maka kofin roba a ce ka cika shi.

Abin da ba a hukunta kowa a kansa

Abdoulrazak Issoufou Alfaga ya haura mita biyu a tsawo. A tekwando, inda ƙafa ke neman kan abokin karawa, wannan tsawon dukiya ce, kuma da shi ya ɗauko wa Nijar azurfa a Riyo a 2016 da kambun duniya a 2017. Michael Phelps, ɗan ninƙayar Amurka, tsawonsa mita 1.93, amma idan ya buɗe hannuwa sun fi mita biyu. Zinarensa 23 a gasar Olamfik. Ba dokar da ta taɓa waɗannan.

Misalin da ya fi koyar da darasi shi ne na Eero Mäntyranta, ɗan ƙasar Finlan mai tseren sulu a kan ƙanƙara, wanda ya ci lambobin Olamfik bakwai tsakanin 1960 da 1968. Haemoglobin, wato sinadarin da ke ɗaukar oksijin a cikin jini, na namiji lafiyayye yakan tsaya tsakanin giram 13 da 17 a desilita. Nasa ya haura 20. Sai a 1993 masu bincike suka gano gado ne a danginsu: jikinsu yana jin kiran sinadarin EPO fiye da ƙima, sai ɓargo ya yi ta ƙera jajayen ƙwayoyin jini.

To, jera mutum uku masu jini mai kauri. Na farko irin Mäntyranta, da abinsa aka haife shi. Na biyu ya yi wata guda yana kwana yana atisaye a Iten ta ƙasar Kenya, mita 2,400 sama da teku, jikinsa ya ƙara jini don iskar can ba ta ƙosarwa. Na uku yana zaune a ɗaki ya yi allurar EPO. A cikin jijiya, abu ɗaya ne ke faruwa ga su ukun: ƙarin oksijin zuwa ga tsoka. Na ukun kaɗai ake kora. Mai horarwa ya kamata ya iya faɗa wa yaransa dalili, domin yaron da aka ce wa "haramun ne kawai" zai karya dokar ranar da ya ga ba mai kallo.

Dalili na farko: gasa ana yin ta ne don a ga wanda ya fi, da abin da Allah ya ba shi da abin da ya yi da shi. Na biyu: an yi yarjejeniya kafin a shiga fili, wanda ya karya ta a ɓoye ya yi ha'inci, kamar mai awo da mudun da aka doke gindinsa. Na uku, wanda a ganinmu ya fi sauran nauyi: tsawon Alfaga bai tilasta wa kowa cutar da kansa ba, tunda ba inda ake sayar da tsawo. Allura kuwa ana sayar da ita. Da zarar mutum ɗaya ya yi ya ci, sauran suna da zaɓi biyu, su bi shi ko su koma gida. Haka tseren keke ya lalace a shekarun 1990, har aka kama motar ƙungiyar Festina maƙare da magunguna a 1998, abin da ya kai ga kafa hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya a 1999, wadda masu Faransanci ke kira AMA, masu Ingilishi WADA. Lance Armstrong ma daga baya, a 2012, aka ƙwace masa kambunan Tour de France bakwai.

Tambayoyi uku na hukuma

AMA tana sa abu a jerin haramtattu idan ya cika biyu daga cikin uku: yana ƙara ƙwazo ko yana iya ƙarawa, yana da haɗari ga lafiya, ya saɓa wa ruhin wasa. Akwai kuma abin da ake hanawa don yana ɓoye wani haramtaccen. Lura, babu tambayar "na gargajiya ne ko na bature" a ciki. Goro da shayi da kofi suna ɗauke da kafeyin, kuma kafeyin yana ƙara ƙwazo da gaske, amma an cire shi daga jerin tun 2004. Jininka kuwa, naka na kanka, idan aka ɗiba aka ajiye a firiji aka mayar maka kafin gasa, laifi ne babba.

Jerin yana canjawa kowace shekara, sabon yana fara aiki ranar 1 ga Janairu. Kashi biyu ne da ya kamata ka haddace: abin da aka hana kullum, da abin da aka hana lokacin gasa kawai. "Lokacin gasa" yana farawa ƙarfe 11:59 na daren jajibiri har a gama wasa a ɗauki samfur. Kuma abin da ake dubawa shi ne abin da ke cikin fitsarinka a ranar, ko da kwana uku da suka wuce ka sha shi.

Ƙa'idar da ta fi cin mutane ita ce wannan: duk abin da aka samu a jikinka, kai ke da shi. Ba a tambayar niyya kafin a ce ka karya doka. Niyya tana shigowa ne wajen rage ko ƙara hukunci. André Onana, mai tsaron gidan Kamaru, ya haɗiyi ƙwayar matarsa bisa kuskure yana neman maganin rashin jin daɗi, aka samu furosemide, maganin sa fitsari da aka hana, a jikinsa. An yarda ba da gangan ba ne, duk da haka ya yi wata tara a waje a 2021. Andreea Răducan ta Romaniya tana da shekara 16 likitan tawagarsu ya ba ta maganin mura a Sidni a 2000, ta rasa zinarenta.

Inda layin ya karkace

Kada a yaudari yara cewa dokar nan adalci ce tsantsa. Akwai tantin da ake kwana a ciki yana rage oksijin kamar kana kan dutse. AMA ta duba shi a 2006 ta bar shi, alhali mai kuɗi kaɗai ke iya sayensa. Takalmin gudu mai farantin kabon da Nike ta fito da shi yana rage ƙarfin da mai gudu ke kashewa da kusan kashi 4 cikin ɗari. Bayan Eliud Kipchoge ya yi gudun fanfalaki cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a Biyana a 2019, hukumar guje-guje ba ta hana takalmin ba, sai ta sa masa iyaka: kaurin tafin kada ya wuce milimita 40 a kan titi, faranti ɗaya tak. Rigunan ninƙaya na roba kuwa, bayan an karya tarihi 43 a Roma a 2009, hana su aka yi daga 2010. Aikin gyaran ido da ke sa mai harbi ya gani tangaran halal ne. Lionel Messi an yi masa allurar sinadarin girma yana yaro saboda jikinsa ba ya samar da isasshe, wannan magani ne. Blessing Okagbare ta Najeriya an samu irin sinadarin a jikinta a 2021, aka fitar da ita daga gasar Olamfik ta Tokiyo, hukuncinta ya kai shekara 11.

Wuri mafi wuya shi ne na mata masu yawan testosteron na halitta, wato sinadarin da ya fi yawa a jikin maza kuma yake gina tsoka. Caster Semenya, ƴar gudun Afirka ta Kudu, ba ta sha komai ba, amma a 2019 kotun wasanni ta Lozan ta amince da dokar da ta ce irinta sai sun sauke sinadarin ƙasa da nanomol 5 a lita kafin su yi gudun mita 400 zuwa mil ɗaya. A 2023 aka mayar da shi 2.5 aka faɗaɗa shi ga dukan wasannin guje-guje da tsalle-tsalle. Dokar ta taɓa mu a gida: Aminatou Seyni ta bar mita 400 ta koma 200, inda ta zo ta huɗu a gasar duniya ta 2022. Nan an juya al'amarin ke nan, ana cewa mai lafiya ta sha magani don ta rage abin da aka haife ta da shi. Masu goyon baya suna cewa ajin mata an ware shi ne don kare mata, dole a yi masa iyaka, kamar ajin nauyi a dambe. Masu suka suna tambaya me ya sa jinin Mäntyranta baiwa ne, na Semenya laifi. Kowane ɓangare yana da abin kamawa. Abin da ke hannun mai horarwa shi ne: idan aka taso da irin wannan magana a kan yarinyar da yake horarwa, ta tsaya tsakaninta da iyayenta da likitan hukuma, kada ta shiga bakin ƴan fada ko WhatsApp, kuma kada ya kuskura ya ba ta wani maganin sauke sinadari da kansa.

Zazzage jakar magani

Wannan aikin wata guda kafin gasa ake yin sa, a maimaita saura mako. A shimfiɗa tabarma, kowane ɗan wasa ya zube duk abin da yake sha, ko shaƙa, ko shafawa, har da wanda uwarsa ta ƙulla masa a leda. A buɗe littafi, kowa da shafinsa: sunan magani, sinadarin da ke ciki, yawan da ake sha, ranar farawa, wanda ya rubuta shi. Sunan sinadari ake bi, wanda aka rubuta da ƙananan haruffa a ƙarƙashin sunan kasuwa, domin magani ɗaya yana iya zuwa da suna goma. Magungunan da aka yi don kasuwar Faransa sukan zo da gargaɗin ƴan wasa a takardar cikin kwali, a karanta. Ƙwayar da ba ta da kwali, irin wadda mai tebur ko mai yawo da tire ke yanko maka biyu daga kati, a zubar da ita, don ba hanyar sanin abin da ke ciki.

Ga waɗanda suka fi faɗowa a wajenmu.

Tramol. An hana shi lokacin gasa daga 1 ga Janairu 2024. Hukumar keke ta riga kowa tun 2019, shi ya sa aka soke sakamakon Nairo Quintana a Tour de France na 2022. Na asibiti miligiram 50 ne ko 100, kuma likita ba ya wuce 400 a yini. Na bayan fage yana zuwa 200, 225, har 250 a ƙwaya ɗaya. Ba ya gina tsoka ko ƙwayar hatsi. Zafi yake kashewa. Ɗan kokowar da jijiyar gwiwarsa ta fara yagewa ba zai ji ba, zai ci gaba da turawa har ta tsinke. Biyu daga cikin manyan sun isa su jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma barinsa bayan an saba wahala ce ta kanta.

Deksametazon da danginsa, wato betametazon, firedinisolon, tiriyamsinolon. Ana shan su don ciwon gaɓoɓi, wasu kuma don ƙiba. An hana su lokacin gasa idan ta baki ne, ko ta dubura, ko kowace irin allura. Ƙibar da suke kawowa ruwa ce da kitse a fuska da ciki, tsokar cinya kuwa ramewa take yi, ga hawan suga da raunin ƙashi. Abin da ke kama mutane shi ne daɗewarsu a jiki: deksametazon na sha a ba shi kwana 3, allurarsa a tsoka kwana 5, amma allurar tiriyamsinolon a tsoka sai kwana 60. Wanda aka yi wa ita a tsoka watan jiya yana iya faɗuwa gwaji yau. Na shafawa a fata ba a hana ba.

Maganin sa fitsari, kamar furosemide da hydrochlorothiazide. Haramun ne kullum. Masu neman faɗawa ajin nauyi na ƙasa ke shan su, kuma suna tsinka fitsari su ɓoye wasu magunguna. Da yawa daga cikin magungunan hawan jini na haɗi suna da ɗayansu a ciki, don haka ɗan wasa kada ya taɓa na mahaifinsa. A zafin watan Afrilu, mutumin da ya matse ruwan jikinsa da ƙwaya ya shiga fili yana wasa da ƙodarsa ne.

Maganin mura mai pseudoephedrine: a daina shi aƙalla awa 24 kafin gasa. Kodin ba ya cikin jerin, amma jiki yana mayar da wani sashensa morfin, shi kuwa yana ciki. Abin shaƙa na masu fuka, salbutamol, an yarda da shi da ma'auni: kada a wuce fesa 6 cikin awa 8, ko 16 cikin awa 24, idan kowace fesa mikrogiram 100 ce. Na sha da na allura haramun ne. Wiwi an hana shi lokacin gasa, kuma yana daɗewa a fitsarin mai yawan sha. Shi ya hana Sha'Carri Richardson, ƴar gudun Amurka, zuwa Tokiyo.

Ƙarin ruwa. Wannan mutane da yawa ba su san shi ba, ga shi kuma mun ɗauke shi maganin kowace gajiya. Duk abin da aka ɗura ta jijiya da ya wuce mililita 100 cikin awa 12 haramun ne, ko da ruwan gishiri ne ko na suga zalla, sai in a cikin jinyar asibiti ne, ko tiyata, ko binciken likita. Leda ɗaya mililita 500 ce. Wanda zazzaɓin cizon sauro ya kwantar a asibiti ba shi da laifi, ya dai karɓi takardunsa. Wanda aka kira ma'aikacin jinya ya ɗaura masa a ɗaki don ya murmure kafin wasan gobe ya karya doka.

Sai alluran gina tsoka: testosteron, nandrolone, stanozolol, wanda aka kama Ben Johnson da shi a Seul a 1988. Sun fara zagayawa a wuraren ɗaga ƙarfe. Suna aiki, ƙarya ne a ce ba sa yi. Amma jiki idan ya ga testosteron na shigowa daga waje sai ya rufe nasa: ƴaƴan maraina su ƙanƙance, maniyyi ya ragu har haihuwa ta gagara, nono ya fito wa namiji, hanta da zuciya su jigata. Mace kuwa murya ta buɗe, gemu ya tsiro, kuma muryar ba ta komawa. Hukuncinsu shekara huɗu. Mai horarwa ko likitan da ya ba ɗan wasa, daga shekara huɗu zuwa har abada, idan yaro ne ƙarami kuwa har abada kai tsaye.

Farasitamol, ibuprofen, diclofenac, amoxicillin, da haɗin artemether da lumefantrine na zazzaɓi, duk ba laifi.

Idan rashin lafiyar gaske ce

Mai ciwon suga da ke allurar insulin, ko mai fukar da ta fi ƙarfin ma'aunin da aka yarda, ba a ce ya zaɓi tsakanin lafiya da wasa ba. Akwai izinin amfani da magani don jinya, AUT a Faransance. Ana cika takardar tare da likita, a haɗa da sakamakon gwaje-gwajen da suka tabbatar da cutar, a miƙa ta hannun hukumar wasanka aƙalla kwana 30 kafin gasa. Za a duba ko cutar tabbatacciya ce, ko babu wani halattaccen magani da zai yi aikin, da kuma ko maganin zai mayar da kai lafiyarka ta asali ne kawai ba tare da ya ɗora maka ƙari ba. Takardar likita ita kaɗai ba izini ba ce, nan mutane ke faɗawa rami. A halin gaggawa a fara ceton rai, a nemi izinin daga baya.

Laya, rubutu, jiƙo da gwangwani

Laya da guru da ƙaho da kirari ba ruwan ɗakin gwaji da su. Abin da ke rataye a jiki ba ya shiga fitsari. Ƙa'idar fili ce kawai za ta ce a cire wanda zai ji wa abokin karawa ciwo. Matsalar tana farawa ne daga abin da aka haɗiya. Sassaƙe da saiwar da ka san itacensu, ka ga an jiƙa, daban suke da kwalbar "maganin ƙarfi" da aka haɗa a wani wuri aka kawo kasuwa, domin masu haɗa irin wannan sukan daka ƙwayar bature a ciki don mai saye ya ji aiki nan take. Idan jiƙo ya kashe ciwon baya cikin rabin awa, ko ya sa fuska ta cika cikin mako biyu, a yi zarginsa.

Gwangwanayen garin gina jiki ma haka. Wani bincike da kwamitin Olamfik ya ɗauki nauyi a ɗakin gwaji na Kolon a farkon shekarun 2000 ya duba iri 634, ya samu kusan kashi 15 cikin ɗari ɗauke da sinadaran gina tsoka da ba a rubuta a jikinsu ba. Paul Pogba ta irin wannan hanyar ya samu hukuncin shekara huɗu a 2024, kafin kotu ta mayar da shi wata 18. Idan dole sai an sha, a sayi mai tambarin gwajin kowane rukuni, a ɗauki hoton lambar rukunin, a ajiye rasit, a rage kaɗan a gindin gwangwanin a adana. Ranar da magana ta tashi, wannan ragowar ce shaidarka.

Ƙarin da aka halatta

Zafin Damagaram kansa jari ne. Atisayen minti 60 zuwa 90 a cikin zafi, kwana 10 zuwa 14 a jere, yana ƙara ruwan jini, ya sa gumi ya fara da wuri, bugun zuciya ya sauka. Turawa kuɗi suke biya su shiga ɗakin zafi don samun wannan. A auna nauyi kafin atisaye da bayansa: kowane kilo da ya tafi kusan lita ɗaya ce ta ruwa, a mayar da lita ɗaya da rabi a hankali, da ɗan gishiri a abinci. Wanda ya rasa fiye da kashi 2 cikin ɗari na nauyinsa a zama ɗaya, ruwan da yake sha bai isa ba. Kuma kada a haɗa zafi da ƙwayar hana gajiya. Haɗin da ya kashe ɗan tseren keke Tom Simpson ke nan a kan dutsen Ventoux a 1967.

Tsauni ba mu da shi a nan, garin bai kai mita 500 ba. Mai gudun nesa da ya samu damar zuwa Habasha ko Kenya yana buƙatar mako uku zuwa huɗu tsakanin mita 2,000 da 2,500. Kafin ya tafi a yi masa gwaji biyu. Na farko ma'ajiyar ƙarfen jini, feritin, domin jikin da ba shi da ƙarfe ba zai ƙera sabon jini ba ko ya shekara a kan dutse. A nan zazzaɓi da tsutsar ciki sun riga sun cinye na yara da yawa, balle ƴan mata. Na biyu gwajin sikila. Mai AS lafiyarsa lau, yana iya zama zakara, amma aiki mai tsanani a tsauni ko cikin zafi da ƙishirwa yana iya kayar da shi farat ɗaya. A ƙara masa nauyin atisaye sannu a hankali, kuma idan ya ce ƙafafunsa sun mutu, a tsayar da shi, ba ragwanci ba ne.

Abinci: mai gina tsoka yana son furotin giram 1.6 zuwa 2 a kowane kilo na nauyinsa a yini. Ɗan kokowa mai kilo 80 ke nan giram 130 zuwa 160. Ƙwai ɗaya yana da 6, litar madara kusan 33, giram 100 na busasshen wake sama da 20, gyaɗa kusan 25. Fura da nono, wake, ƙuli-ƙuli, awara da ɗan kilishi, a raba su sau huɗu a yini, sun kai. Kafeyin kuwa miligiram 3 a kowane kilo, awa ɗaya kafin wasa, ya isa. A gwada shi a atisaye tukuna, don wani zawo yake sa shi, wani rawar hannu.

Ranar da aka kira ka

Jami'i zai same ka bayan wasa, ko a gida da asuba, ya nuna katinsa, ka sa hannu. Daga wannan lokacin ba ya rabuwa da kai. Ƙin zuwa ko sulalewa daidai yake da an kama ka, har shekara huɗu. Kana da damar tafiya da wakili da mai fassara. Yaro ƙarami ba a gwada shi ba tare da babba ba.

A ɗakin, kai za ka zaɓi kofi daga cikin waɗanda ke rufe a leda, ka duba ba a huda ba. Ka wanke hannu. Mai sa ido jinsinku ɗaya, kuma zai ce ka ɗage riga zuwa ƙirji, ka sauke wando zuwa gwiwa, ya ga fitar fitsarin da idonsa. Wannan yana yi wa yaranmu nauyi ƙwarai saboda kunya, har wani ya kasa. A faɗa musu tun a gida. Ana son aƙalla mililita 90. Idan bai kai ba za a rufe wanda aka samu, ka zauna ka jira. Kada ka yi ta ɗurkar ruwa don ka gama da wuri: za a auna kaurin fitsarin, idan ya tsinke da yawa sai ka sake, ka kwana a wurin. Sannan ka zaɓi akwati mai kwalba biyu, A da B, ka tabbata lambar da ke jikinsu da ta takarda ɗaya ce. Kai za ka zuba da hannunka, aƙalla 30 a B, 60 a A, ka murɗa murfin har ya daina ƙara. A takarda ka rubuta duk abin da ka sha cikin kwana bakwai, har da jiƙo da bitamin. Nan littafin tabarma ke amfani. Duk abin da ka ga bai yi maka ba, ka rubuta a gurbin ƙorafi kafin ka sa hannu. Ɗakin gwaji lamba kawai yake gani, ba ya ganin suna.

Manyan ƴan wasa akwai ƙarin nauyi a kansu: suna ba da awa ɗaya a kowace rana da wurin da za a same su, kuskure uku cikin wata 12 hukunci ne. Ana kuma buɗe musu fasfon jini. A 1997 hukumar keke ta sa iyaka ɗaya ga kowa, jajayen ƙwayoyi kada su wuce kashi 50 cikin ɗari na jini, sai ta zama tana takura wa mai baiwa, masu allura kuwa suna tsayawa a 49. Fasfon, da aka fara a 2008, yana gwada mutum ne da kansa: wanda jininsa ke sama tun asali ba a taɓa shi, wanda nasa ya yi tsalle ba dalili shi ake tuhuma.

Idan sakamakon A ya fito da matsala, kada ka yi gardama a rediyo. Ka nemi a buɗe B a gabanka ko gaban wakilinka, ka tattara littafin magani, takardun asibiti da ragowar gwangwani, ka kiyaye wa'adin amsa da aka rubuta a wasiƙar. Kwafin takardar gwajinka kuma ka adana shi shekara goma, don tsawon lokacin da ake iya ajiye samfur ke nan a sake duba shi da sabbin na'urori. Fitsarin Nesta Carter na gasar Bejin ta 2008 an sake buɗe shi bayan shekara takwas, a farkon 2017 aka karɓe zinaren gudun ba-ni-in-ba-ka daga duka tawagar Jamaika, har da Usain Bolt, wanda ba a samu komai a nasa ba.